Wanda Ya Manta Laifinsa, Wa Zai Tuba Masa?

Wani katun na yara ne ya tsayar da ni a tsakiyar falo da kwanon tuwo a hannu har miya ta huce. A gidanmu ne na Aboabo, nan Kumasi, bayan sallar isha'i, ƙannena sun baje a kan tabarma suna kallon Cartoon Network. A talabijin ɗin ga wani tsoho shuɗi mai dogon hanci da farin gemu buzu-buzu, yana dukan ganga yana washe baki, ga kuma wata budurwa tana riƙe da wasu tsofaffin takardu tana rera abin da ke cikinsu, hawaye na zuba. Yara sai dariya suke yi wa tsohon. Gwaggona ta fito daga ɗakin Kaka da kofin kokon da ya ƙi sha, ta ɗan tsaya a bayana, ta ce, "Kai, wannan tsohon bai gane ta ba ko?" Ba ta taɓa ganin shirin ba, Turancin Amurka kuma ba ya shiga kunnenta sosai. Fuskar yarinyar kawai ta karanta, don ta san irin wannan fuskar.

Sunan shirin Adventure Time. Wani Ba'amurke mai suna Pendleton Ward ne ya ƙirƙiro shi, aka fara nunawa a 2010, aka rufe a watan Satumba na 2018 bayan zango 10 da fitowa 283, kowace fitowa wajen minti 11. A fuska labarin wani yaro ne, Finn, da karensa Jake, suna yawon jarumta a wata ƙasa mai suna Ooo, inda alewa ke magana, kowace masarauta kuma da gimbiyarta. Tsohon nan shuɗi shi ne Sarkin Ƙanƙara, kuma da farko aikinsa ɗaya ne a labarin: ya sato gimbiya don ya aure ta dole, su Finn su zo su lakaɗa masa duka su ƙwace ta. Haka aka yi ta yi kusan shekara biyu. Mai kallo ya saba da shi a matsayin wawan tsoho mai naci, wanda ba ya jin kunya kuma ba ya daddara.

Sai a watan Disamba na 2011 masu shirin suka juya tabarmar. Su Finn suka tono wasu kasakasan bidiyo da tsohon ya binne, suka zauna kallo da zaton za su kama wani mugun asirinsa. A ƙarshen kaset na ƙarshe sai ga mutum sak, ɗan adam mai gilashi da kwat, yana gabatar da kansa da suna Simon Petrikov, masanin kayan tarihi. Ya sayi wani tsohon kambi a hannun wani ma'aikacin tashar jirgin ruwa a arewacin Turai, ya kawo gida, ya ɗora a ka don ya ba budurwarsa Betty dariya. Da ya cire, bai san abin da ya faɗa ko ya aikata ba, ya dai ga yadda take kallonsa, kuma daga ranar bai sake ganinta ba. Kaset ɗin na tafiya, fatarsa na shuɗewa, gemu na tsiro, magana na kwancewa. Yana kallon hankalinsa na zurarewa kamar gari a buhun da ɓera ya huda, yana roƙon duk wanda ya tsinci kaset ɗin ya yafe masa abin da zai zama. A nan ne mai kallo ya ji cewa "gimbiyata" yake kiran Betty. Ashe satar gimbiyoyin nan duk cigiya ce, mutum ne ke neman wata mace da ya manta sunanta da kamanninta, bai manta dai cewa ya yi rashi ba.

Abin da ya biyo baya shi ya nuna mini marubutan sun san aikinsu. Sarkin Ƙanƙara yana wurin, ya ga kaset ɗin tare da kowa, ya fashe da kuka yana cewa asirinsa ya tonu. Wane asiri? Wai an gane da can yana sa gilashi. Iyakar abin da ya ɗauka ke nan daga tarihin rushewar rayuwarsa. Yaro zai yi dariya a wurin, babba kuwa sai ya ji abu ya tokare masa maƙogwaro.

Mantuwa tsohuwar dabara ce a wajen masu ba da labari, kuma yawancinsu da arha suke sayenta. Duk wanda ya taso da finafinan Indiya ya san tsarin: mota ta buge jarumi, ya farka bai san matarsa ba, a sha waƙoƙi, can a ƙarshe wani ya sake rotsa masa kai komai ya dawo. A irin wannan labari mai mantuwar ne abin tausayi, mantuwar kuma ƙofa ce da aka kulle aka ajiye mabuɗi a aljihun marubuci. Na Simon ya sha bamban ta fuska biyu. Mantuwarsa a hankali ta zo, yana ji yana gani. Bayan ta gama cinye shi kuma, shi ya huta. Sarkin Ƙanƙara na fama da kaɗaici, amma ba ya kwana da ciwon abin da ya rasa, tunda bai san mene ne ba. Nauyin gaba ɗaya ya koma wuyan waɗanda suka san shi tun yana Simon.

Ta farkonsu ita ce yarinyar da Gwaggo ta gani, Marceline, wadda daga baya ta zama irin halittar nan mai shan jini da ba ta tsufa. A hankali shirin ya bayyana cewa ƙasar Ooo duniyarmu ce shekara dubu bayan yaƙin nukiliya. A cikin kufan wani birni Simon ya tsinci Marceline tana ƙaramar yarinya tana kuka ita kaɗai, ya shiga wani rusasshen kantin kayan wasa ya ɗauko mata 'yar tsana, ya zame mata uba. Wata fitowa ta 2013 ta nuna su lokacin tana shekara 7 shi yana 47. Ba ta da lafiya, yana yawon nema mata romon kaza a garin da babu kowa sai dodanni. Duk sanda haɗari ya taso ba shi da makami sai kambin, duk sanda ya sa kambin kuma sai wani yanki na Simon ya tafi ba dawowa. Gaba kura, baya sayaki: in bai sa ba yarinyar ta halaka, in ya sa yarinyar ta rasa uba. Ya sa, ya cece ta, ya samo romon, sannan ya juyo ya kira ta da sunan da ba nata ba.

Takardun da take rerawa a fitowar Oktoba 2012, wadda Rebecca Sugar na cikin marubutanta, wasiƙu ne da Simon ya rubuta mata a wancan zamanin, yana ba ta haƙuri tun kafin ya manta ta. Shekara dubu bayan haka ya kwaso su cikin tarkacensa ya zo gidanta wai ta taya shi haɗa waƙar da za ta ja hankalin 'yan mata. Ta nuna masa rubutun hannunsa. Ya duba, ya yaba, ya ce lallai baitocin sun yi daɗi, ya hau ganga. Wasiƙar neman gafara ta isa hannun mai ita, wanda ya aiko ta yana zaune a gabanta, amma ba ya nan.

Masu jinyar tsofaffi sun daɗe suna cewa wannan fitowa hoton gidajensu ce, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci cuta suke ɗaukarsa, ba tsufa zalla ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya fara bayyanawa ne a 1906. Cutar kan fara da sashen ƙwaƙwalwa da ke ɗinke sabon abu ya zama tunani, shi ya sa na jiya ke riga na shekara hamsin ɓacewa. Tun 1881 wani masani Bafaranshe, Théodule Ribot, ya lura da wannan tsari. A ƙasar nan kuwa rashin sanin haka ya sa tsohuwar da ta fara sambatu ko fita yawon dare kan iya wayar gari an ce mayya ce, kuma kowa ya san labarin matan da suka ƙare a Gambaga, garin arewacin Ghana mai sansanin waɗanda aka zarga da maita.

Kakana bai san ko ya karya kumallo ba, amma ya san 1969. A shekarar ne gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana, zangonni suka yamutse, maƙwabta suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. Shi fataucin goro yake yi a lokacin, kuma ya tsira, amma tsoron bai bar jikinsa ba. Yanzu sai ya tashi da tsakar dare yana zazzage akwati, yana cewa, "Ina takardata? 'Yan sanda na tafe." Wani lokaci ya ƙirga kuɗi da fam da sule, alhali tun 1965 aka koma sidi. In bai ga abin da yake nema ba, Gwaggo ce ɓarauniya. Ita ke yi masa wanka, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke shan zagi. Da gari ya waye ya manta ya zage ta. Ita ce ba ta manta ba.

A nan maganar tuba ta shigo, kuma nan ne labarin ya fi kama ni. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu sharuɗɗan tuba: mutum ya yi nadama, ya bar laifin, ya ƙudurta ba zai koma ba, in haƙƙin wani ne ya mayar ko ya nemi yafiya. Duba su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a kan tunawa yake tsaye. Ba ka nadamar abin da ba ka san ka yi ba. Addini ya sauwaƙe wa wanda hankalinsa ya gushe, hadisi ya ce an ɗauke alƙalami a kan mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda ya rasa hankali har ya dawo hayyacinsa. Alƙur'ani ma a Suratun Nahli ya ambaci wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zamo bai san komai ba bayan ya sani. To, an ɗauke masa alƙalami. Wanda aka cuta fa? Gimbiyar da aka kulle a keji ta kwana a keji, ko mai kullewar na da hankali ko babu.

Gwaggo na da nata tsohon ciwon, wanda ya girmi cutar Kaka da shekaru masu yawa. Tana aji na ƙarshe a makarantar boko, kanta na ja, ya cire ta ya aurar ga wani abokin cinikinsa. Auren bai yi daɗi ba, bai kuma yi ƙarko ba. Ta taɓa gaya mini, muna tsinke zogale, cewa ba ta taɓa son komai a wurinsa ba sai kalma ɗaya, ya ce "ki yafe mini". Da yana da lafiya girman kai na uba ya hana. Yanzu da ya yi laushi kamar jariri, babu wanda za a tambaya. Simon ya fi Kaka dabara ta nan, ya aika da tubarsa gaba tun yana da sauran hankali, kamar mai biyan kuɗin mota kafin ranar tafiya. Ko irin wannan tuba ta ci sunanta? Ni dai ina ganin rabi ce. Ta nuna zuciyar mutumin, amma ba ta hana Marceline shan shekara dubu tana canja gida yana bin ta ba.

Shirin ya ƙara wani ƙulli a 2015 da ya ba da asalin kambin. Wani matsafin ƙanƙara na zamanin da can ne ya ƙera shi don ya cika burin zuciyar wanda ya fara sa shi, da nufin ya tare wani tauraro mai wutsiya da ke shirin faɗo wa duniya. Tsautsayi ya sa yaronsa Gunther ne ya sa. Yaron ba shi da buri sai ya zama kamar maigidansa, kuma bai san komai na maigidan ba sai tsawa da hantara. Kambin ya cika masa burin daidai yadda ya fahimce shi: ya zama tsoho mai gemu yana daka wa kansa tsawa. Wannan haukan ne ya manne a kambin, ya jira har ya faɗa kan Simon. Wato ko muguntar Sarkin Ƙanƙara gado ce daga wani yaro da ba a taɓa ce masa "sannu" ba. Duk wanda ya yi zaman koyon sana'a a gaban maigida mai zafin hannu, a gareji ko a shagon ɗinki, zai gane wannan ba sai an yi masa tafsiri ba.

Sai Betty. A fitowar Fabrairu 2014 wata halitta mai shanye sihiri ta kashe ƙarfin kambin, Simon ya dawo hayyacinsa, amma shekara dubun da sihiri ya tare masa suka taso masa gaba ɗaya, ya kama hanyar mutuwa. Abu ɗaya ya nema: ya buɗe wata kafa zuwa zamanin da ya wuce ya ba Betty haƙuri. Marceline ta sadaukar da 'yar tsanar nan tata don kafar ta buɗu. Betty na jin muryarsa, ta gane wanda take so ne, sai ta yi tsalle ta faɗo zamaninsa. Ka ga amsar tsohuwar tambaya ke nan. Ba guduwa ta yi don ta tsane shi ba, wurinsa ta tafi, shi kuwa na wancan zamanin ya shekara dubu yana zaton ya kore ta. Kafin su gama gaisawa ta fahimci ba zai rayu ba sai kambin ya dawo aiki. Da hannunta ta hallaka halittar, da hannunta ta mayar da shi mahaukacin da bai san ta ba, da alkawarin za ta samo magani.

Daga nan labarinta ya zama na garin neman gira a rasa ido. Ta shiga binciken sihiri har ita ma ta taɓu. Ta yi yunƙurin komawa baya ta goge komai, ko da duniyar Ooo za ta shafe, bai yiwu ba. A fitowar ƙarshe, ranar 3 ga Satumba 2018, wani dodon hargitsi mai suna Golb ya haɗiye ta tare da Sarkin Ƙanƙara, cikinsa ya riƙa ɓare su kamar albasa har Simon ya koma Simon, kambin ma ya koma sabo mai jiran buri. Betty ta tura shi waje, ta sa kambin, ta nemi ikon kare shi ko ta halin ƙaƙa. Ta narke cikin dodon, ta tafi da shi. Simon ya samu hankalinsa, ya rasa wadda ya yi shekara dubu yana cigiya.

A gaskiya lokacin da na fara ganin wannan ƙarshe na ɗan ji haushi. Na ce masu shirin sun yi abin da 'yan fim ɗin Indiya ke yi, sun ciro mabuɗi daga aljihu. A gidanmu babu dodon da zai haɗiye Kaka ya amayo shi da hankalinsa. Ko fim ɗin Coco na kamfanin Pixar, na 2017, inda waƙa ta farkar da wata tsohuwa ta tuna mahaifinta, ya fi kusa da gaskiya, don masu jinya sun san waƙa da karatun da aka haddace tun yarinta kan daɗe bayan sauran sun tafi, kuma farkawar ta ɗan lokaci ce.

Ci gaban da aka fitar a 2023, Fionna and Cake, shi ya wanke su a idona, domin ya ƙi yarda cewa dawowar hankali ita ce tsira. Simon ɗin da muka tarar dattijo ne mai baƙin ciki da shaye-shaye, yana zaune a wani gida da aka mayar kamar gidan tarihi ana zuwa kallonsa a matsayin mutumin zamanin da. Jama'a sun fi kewar Sarkin Ƙanƙara, don ya fi ban dariya. Har ya kai ga shirin mayar da kambi kansa da gangan, da sunan taimakon wasu, alhali gudun tunani na ciki. An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, shi kuwa bara dubu gare shi. Abin da ya warware masa ƙullin wata tunawa ce da ya daɗe yana ba da labarinta a matsayin labarin soyayya mai daɗi: ranar da Betty ke tashar mota za ta tafi Ostireliya binciken zanen duwatsu, burinta na shekaru, ya biyo ta, ta fasa tafiyar ta zauna da shi. Bai taɓa tambayar kansa me ya hana shi shiga motar ya bi ta ba. Tun kafin kambi, tun yana da cikakken hankali, ita ke ajiye nata ta ɗauki nasa, shi kuma yana karɓa yana kiran abin ƙauna. Laifin da kambi ya sa shi an ɗauke masa alƙalami a kai. Wannan kuwa nasa ne, da idonsa biyu ya yi shi, kuma shi kaɗai ne zai iya tuba a kansa. So hana ganin laifi, in ji Hausawa, kuma har da laifin mai son kansa. Sai da ya ga wannan sannan ya iya barin Betty ta tafi, ya ajiye kambin, ya je ya zauna gaban mai ba da shawara yana koyon zama da abin da ya tuna.

Ban ba Gwaggo wannan sashe na labarin ba, ba ta da lokacin katun. Makon jiya da asuba wuta ta ɗauke, na shiga ɗakin Kaka da fitilar waya na tarar ta riga ni. Yana zaune a bakin gado yana karanta Tabaraka, tiryan-tiryan, ko wasali bai kuskure ba, ita kuma tana juya koko a kofi tana jira ya kai aya. Da ya shafa, ya ɗago ya dube ta da kyau, irin duban da ake yi wa baƙo mai kirki.

"Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?"

"'Yar gidan nan ce, Baba. Buɗe bakinka."

Ya kurɓa, ya haɗiye, ya gyaɗa kai. "Allah ya yi miki albarka. Ubanki ya yi sa'ar 'ya. Ya sa ki a makaranta kuwa?"

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ta ce, "Ya sa ni, Baba." Ta hura kokon, ta sake miƙa masa.